Takalman Nassirou a Bakin Ƙofarmu

Masu karatu, ku gyara zama. Wadda ta tambaye ni dalilin da ya sa na cire hotona, ga amsarki: leɓena na ƙasa a ɗinke yake, kuma da yatsa ɗaya nake danna wannan rubutun don kafaɗata ta hagu ba ta ɗaguwa. Amma ba ciwona na zo ba ku labari ba. Nawa mai sauƙi ne.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Najiba Maitama. A Kano na tashi a hannun kakata, sai da na shekara goma sha huɗu aka kawo ni wajen iyayena a Mitchellville da ke Amurka, shi ya sa Hausa ba ta guje mini ba yadda ta guje wa ƙannena. Abba likitan ƙashi ne. Umma kuwa, Hajiya Talatu, tun da na gama karatun harhaɗa magunguna ba ta da wani aiki sai na ganin ta aurar da ni, kuma ga wanda za ta iya faɗin sana'arsa a taron suna ba tare da ta rage murya ba. Ni wanda nake so shi ne Nassirou, ɗan Malam Hamidou direban babbar mota da ke Laurel, mutanen Maraɗi. Sana'arsa ƙwallon kwando. In Umma za ta faɗi haka, sai ta waiwaya tukuna.

Ranar da na fara ganinsa, dukansa ake yi. Muna sakandare a Greenbelt, makarantarmu ta cinye wata makaranta da ƙwallon da ya jefa daidai lokacin tashi, da aka fito wajen ajiye motoci sai yaran can suka tare shi. Wani ya kai masa naushi a baki, na ga haƙori ya faɗo kan kwalta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, mutum dogo haka, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji, ko hannu bai ɗaga ba. Zubewa ya yi ya dunƙule, ya cusa hannayensa biyu tsakanin cinyoyinsa, ya bar musu fuska da gadon baya. Suka yi ta shurinsa, wani yana taka masa kai da takalmi, har sai da koci ya fito a guje suka watse. Ina tsaye rungume da littattafai, ban san akwai mai jin Hausa a wajen ba, na ce, "Girman banza."

Ya ɗago fuska duk jini ya ce, "Na ji hwa, 'yar Najeriya."

Washegari a ɗakin cin abinci ya zo ya zauna gabana da kumburarren baki, ya yi mini bayanin da ban tambaye shi ba. Wai fuska in ta fashe tana warkewa, haƙori ana sa na roba, amma yatsa in ya karye ya haɗe a karkace, balo ta daina jin maganarsa ke nan. Balo yake ce wa ƙwallo, irin ta mutanensu. Ya ce ko babansa, lokacin da yake zane shi da wayar wuta don ya gudu daga Islamiyya ya tafi fili, bai taɓa samun hannun ba, baya kawai yake ba shi. Ya shimfiɗa hannayen a kan tebur, dogayen yatsu, farce a yanke tsaf, ya ce, "Wannan ita ce gonata, ita ce gonar tsohona." Na yi dariya na ce gonar ba ta hana a cire masa haƙori ba. Daga ranar ban ƙara cin abincin rana ni kaɗai ba.

Hanyar da ya biyo ba ta da daɗin faɗa. Wata ƙaramar jami'a a Pennsylvania ta ɗauke shi karatu kyauta saboda wasansa, sai a lokacin Malam Hamidou ya ajiye wayar wutar. A can aka fasa masa hanci da gwiwar hannu, ya warke, aka sake fasawa, har yau hancin a ɗan karkace yake. Ranar da manyan kulob suke zaɓen sababbin 'yan wasa, mahaifiyarsa Inna Balkissa ta cika tukunya da dambu, 'yan Nijar ɗin Laurel suka cika musu falo, aka yi ta karanto sunaye a talabijin har aka gama ba a kira nasa ba. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, dambu ya kwana. Bai yi zuciya ba. Ya kama aikin lodin kwalaye a wani sito, yana sa safar hannu biyu kan biyu abokan aiki suna yi masa dariya, yana kuma buga wa wata ƙaramar ƙungiya da ake kwasa a bas ana yawon gari-gari, inda kowa yunwa yake ji, in ka yi tsalle sai a share maka ƙafa. Ya faɗo a kan ƙugu, ya faɗo a kan kafaɗa, an taɓa ɗaukar sa a sume. Bai taɓa tare faɗuwa da tafin hannu ba.

To a watan jiya aka kira shi. Wani babban kulob ya ga wasansa ya ce ya zo gwaji ranar Litinin, in ya yi musu, su sa masa hannu a takarda. Ku riƙe wannan Litinin ɗin, don aurena a wuyanta yake rataye.

Dalili kuwa, Abba ya daɗe da yanke magana, ta bakin Umma aka isar mini, don shi ba ya irin wannan zancen da ni. Ya ce wasa ba sana'a ba ce. Ranar da kulob na gaske ya ɗauki yaron, manyansa su zo a zauna. Kafin nan ba zai taka cikin gidansa ba. In zance ne, a yi shi a waje kamar yadda ake yi a gida. Umma ta ji daɗin wannan sharaɗi, don a ranta ta gama tabbatarwa ba zai cika ba, ga kuma Kamal ɗan ƙawarta, injiniya, wanda yake shigowa har kicin yana buɗe tukunya da sunan ɗan gida ne. Kamal ba shi da laifi, sai dai in yana magana ina jin barci.

Haka muka ɗauko. Duk Asabar bayan la'asar Nassirou zai faka tsohuwar baƙar motarsa a gefen titi, daura da garejinmu, ya turo mini saƙo, ya zauna jira. In na fito mu jingina da mota mu yi hira har a kusa magariba. Kuma kusan kullum a tsakiyar jiran nan Abba yake dawowa daga zagayen asibiti. Da Nassirou ya hango kan motarsa, zai yi wuf ya fito, ya zare takalmi, ya durƙusa a gefen kwalta da duk tsayin nan nasa, ya ce, "Ina wuni, Baba." Abba kuma zai kau da kai ɗaya gefen, ya danna makullin gareji, ya shige, ƙofa ta sauko. Ba wulaƙanci ba ne, ku da kuka tashi a gida kun sani. Uba ba ya ganin saurayin 'yarsa sai an gabatar da shi, saurayi kuma ba ya zama a kujera surukinsa yana wucewa. Kowa yana yin nasa, kowa ya gamsu da na ɗan'uwansa. Na taɓa jiyo Abba ta bayan ƙofa yana ce wa Umma yaron dai akwai ladabi. Ni abin dariya ma yake ba ni, nakan leƙa ta taga don kawai in kalla.

Asabar ɗin shekaranjiya saƙonsa ya shigo ina fitowa daga wanka.

"Na iso. Hito in gan ki, gobe jirgi."

Na rubuta masa minti biyu. Na zura doguwar riga zan ɗauki mayafi sai ga Umma a ƙofar ɗaki, ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko gobara ake yi. Ta ce mace ba ta fita da an kira ta, in ja ajina, wanda zai tafi neman suna ya tafi da sanin cewa ni ba a araha nake ba. Ko da ba ta son sa, ba ta yarda a raina 'yarta ba. Ta sa na cire rigar, ta ciro mini leshi ruwan zuma da ban taɓa sawa ba, ta kunna kasko ta turara shi, ta shafa mini humra a wuya da bayan kunne. Ɗaurin ɗankwali kuwa na yi ta ce ya yi kama da na mai zuwa ta'aziyya, na kwance, na sake, ta ce wannan na 'yan biki ne.

"Kin mutu ne a ciki?" in ji saƙonsa.

"Ana gyara maka ni."

"Bon. Ni ko da buhu kika sa."

Na yi murmushi na ajiye wayar na ɗauki jan baki. Ina jin daɗin jiran da yake yi, ba zan ɓoye muku ba.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Tun bara da aka yi ta fasa motoci a unguwarmu, masu gidaje suka ɗauko wani kamfanin gadi mai zagayawa da mota. Wanda ya saba zagayen Asabar wani ɗan Filato ne, Longji, yana jin Hausa, ya san me ake nufi da zance, in ya wuce har ɗaga wa Nassirou hannu yake yi yana tsokanarsa da ango. A makon aka mayar da shi wata unguwa, aka kawo sababbi biyu. Sannan wata tsohuwa da ta tare kusa da mu kwanan nan, Irene, ta rubuta a zauren maƙwabta na waya cewa akwai wani ƙaton mutum da yake fakewa a baƙar mota duk Asabar yana kallon gidan likita. Ranar da ta ga ya daɗe fiye da kullum, sai ta kira masu gadin.

Ina gyara ɗan kunne na leƙa taga. Motar gadi na gani a bayan tasa, fitilarta tana juyawa. Ɗaya mai gadin, wani jibgege da na ji daga baya ana kiransa Raymond, yana tsaye a jikin ƙofar direba, hannunsa a kan ɗamara, ɗayan yana ta ɗaya gefen. Nassirou ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari, yana magana a hankali. Ya san dokar ƙasar nan, babansa direba ne, tun yana yaro aka koya masa: in mai kaki ya tsaya a kanka, kar ka motsa, kar ka fito sai an ce ka fito. Na ce a raina bari in sauka in yi musu bayani a wuce wajen. Na juya ke nan zan ɗauki mayafi, sai na hango motar Abba ta karyo kwana.

Wallahi na san abin da zai faru kafin ya faru. Na buga gilashin taga da tafin hannu ina cewa kar ka fito, kar ka fito, kamar zai ji ni.

Ya fito. Jikinsa ne ya riga tunaninsa. Ƙofar ta buɗe da ƙarfi ta bugi gwiwar Raymond, Nassirou ya miƙe tsaye ya kere shi, sannan ya sunkuya ya kai hannu ƙasa wajen takalminsa. Ni na san takalmi zai cire. Raymond abin da ya gani shi ne ƙato ya bangaje shi ya kai hannu ƙafa zai zaro wani abu. Ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa fuskarsa da rufin motar, da ɗaya hannun kuma yana ɗaga wa Abba, yana ihu da Turanci ko ya san wannan mutumin. Gilashin Abba a rufe yake. Da gefen ido ya hango yaro ya fito ya sunkuya kamar kullum, sai ya yi abin da yake yi kullum: ya kau da kai, ya danna makulli, ya shige gareji. Ƙofar ta sauko a hankali.

Ban san yadda na sauko bene ba. Zanin leshin ya harɗe ni na gangaro matakalar ƙarshe da gwiwa, na tashi, na fita ba takalmi ba mayafi.

Kafin in isa sun kai shi ƙasa. Shi kuma ya yi abin da ya yi a Greenbelt, abin da ya yi a gaban wayar wutar babansa: ya dunƙule ya cusa hannayensa tsakanin cinyoyi, ya ba su baya. A wajen mai kaki kuwa ba abin da ya kai mutum ya ɓoye hannu muni.

"Show me your hands!" Raymond yake ta maimaitawa, wai ya fito da hannayensa. Nassirou yana cewa ba shi da komai, don Allah, ɗan wasa ne shi, amma ya ƙi sakin hannun. Na biyun ya ɗora masa gwiwa a wuya ya danne, na ji numfashinsa ya koma gurnani. Raymond ya ciro wata ƙaramar kwalba ya fesa masa barkono a ido, kusa da kusa. Nassirou ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi ba, ƙafafunsa suna shure-shure a kan kwalta, duk da haka hannun yana inda yake. Sai Raymond ya zaro kulki. Ya sauke masa a haƙarƙari, ya sake, ya sauke a cinya, ya sauke a gwiwar hannu, har hannun daman ya saki don kansa. Ya fizgo shi waje. Tafin ya faɗi a kan dakalin siminti na gefen titi, a buɗe, yatsun nan dogaye a shimfiɗe kamar ranar da ya nuna mini su a kan tebur. Nassirou ya yi ƙoƙarin janyewa. Kulkin ya sauka a kai.

Ƙarar kamar an karya rake a gwiwa. Sau biyu na ji ta.

Na faɗa kan Raymond ta baya. Ban san me na yi niyyar yi ba, na dai san na kama kunnensa da farce ina ja. Turanci ya gudu daga bakina gaba ɗaya, da Hausa nake zaginsa, ina cewa hannunsa ne, hannunsa ne, ku kashe ni ku bar hannun. Ya kawo gwiwar hannu baya ta same ni a baki, na ji haƙorina ya shige leɓe, na tafi da baya na faɗi a kan kafaɗa. Jini ya cika mini baki, mai ɗumi, ya gangaro kan leshin Umma. Ina kwance ina ganin ƙafafun maƙwabta sun fara taruwa, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, ba wanda ya matso. Umma ta fito kanta ba ɗankwali, tana salati da ƙarfi, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

Sai ƙofar gareji ta fara ɗagawa. Abba ya sunkuyo ta ƙarƙashinta tun ba ta gama buɗewa ba, jakar aikinsa a hannu. Ya tsaya. Ya dube ni a ƙasa, ya dubi wanda ake dannewa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan ƙannena ba ya yar da jakar, ya taho da gudu, ya riƙe kulkin da hannu biyu daidai lokacin da aka sake ɗaga shi. Da Turanci ya yi maganar, amma duk layin sai da ya ji: ɗansa ne, su ɗaga masa ɗa, shi ne mai gidan nan kuma wannan ɗansa ne. Raymond ya tsaya yana haki, yana cewa ai ya tambaye shi, ya tambaye shi ya wuce.  Abba ya ture na biyun daga wuyan Nassirou ya durƙusa a kan kwalta da farin wandonsa.

Nassirou ba ya gani, idanunsa sun kumbura sun rufe, majina da hawaye da jini sun haɗe a fuskarsa. Amma ya ji muryar. Sai ga shi yana ƙoƙarin tattara ƙafafu ya durƙusa, hannun daman yana reto.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, Nassirou," in ji Abba. "Kar ka motsa hannun."

Ashe ya san sunansa. Nan ne na fashe da kuka, ba lokacin da aka fasa mini baki ba.

'Yan sanda sun zo daga baya, an yi rubuce-rubuce, an karɓi hotunan maƙwabta, an tafi da masu gadin. Irene tana tsaye a kan ciyawarta ta toshe baki da hannu. Duk wannan a gefen idona ya wuce. Abin da na riƙe shi ne Abba ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hammatar Nassirou ya ce a shiga da shi ciki. A bakin ƙofar falo Nassirou ya ja ya tsaya. Muka ɗauka jiri ne. Ashe takalmi yake cirewa, yana taka dunduniyar ɗaya da ɗaya, don ba zai shiga gidan surukai da takalmi ba. Abba ya buɗe baki zai hana shi, sai ya fasa, ya jira shi ya gama.

Haka Nassirou ya shiga gidanmu karon farko. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kafet. Umma ta kawo ruwa a roba tana wanke masa ido da hannunta, tana faɗin abin da ba wanda ya tambaye ta: ta ga saƙon Irene a zauren maƙwabta tun makon jiya, ta rubuta amsa ta goge, don me za ta ce, ta shiga cikin mutane ta ce saurayin 'yarta ne yake tsayuwa a titi? Kunya ta hana ta. Abba ya ce ta kawo katakon yanka albasa da mayafi.

Na zauna kusa ina danne leɓena da tawul, ina kallon Abba yana bin hannun da yatsunsa a hankali. Bayan hannun ya kumbura ya yi baƙi, yatsa na tsakiya da mai bi masa sun kalli inda bai kamata ba. Na san fuskar Abba in ciwo mai sauƙi ne, yakan yi wa mutum wasa. Bai yi wasa ba. Ya ɗora hannun a kan katakon ya naɗe da mayafin Umma.

"Baba," in ji Nassirou, "Litinin hwa?"

Abba ba ya yi wa marar lafiya ƙarya. Ya ce ba Litinin. Ya ce ƙasusuwan bayan hannun sun farfashe, har da gaɓa, sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma za a ɗauki watanni. Ya fara cewa ko bayan ya warke, sai ya yi shiru bai ƙarasa ba. Nassirou ya gyaɗa kai kawai. Wayarsa tana gefe a kan kafet, gilashinta a fashe, tana ta haske: wakilinsa mai nema masa kulob ne ya turo masa tikitin jirgi da fatan alheri.

Abba ya daɗe a durƙushe. Sannan ya juya ya ce wa Umma, a gabana, abin da bai taɓa yi ba, ta kira Malam Hamidou. A gaya masa abin da ya faru, a kuma gaya masa in an sallami yaron ya turo manyansa, shi Abba ya janye sharaɗi, ya ba Nassirou Najiba. Umma ta miƙa hannu ta ɗauki waya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a cikin jinin nan da kukan nan sai da na ji wani sanyi ya ratsa ƙirjina.

"A'a, Baba."

Muka juya gaba ɗaya. Nassirou ya samu ya buɗe ido ɗaya, ja wur, kuma a karon farko tun da ya san Abba ya dube shi a fuska.

"Ku gafarce ni. Kun ce in kulob ya ɗauke ni in turo. Kulob bai ɗauke ni ba." Ya haɗiye yawu. "Najiba ba diyyar hannu ba ce. In na karɓe ta yau, kullum kuka gan ni tausayi za ku gani."

Na ce masa ya yi wa Allah ya yi shiru, bakina yana zubar da jini ina magana. Na ce ni ban damu da kulob ba, ban taɓa damuwa ba, ko kwalaye zai yi ta ɗauka har ya tsufa ni na ji na gani. Bai kalle ni ba. Abba ya sunkuyar da kai, ya ce a tashi a tafi asibiti. Da safa kawai Nassirou ya fita, ya shiga gaban motar da ya shekara yana durƙusa mata.

Jiya aka yi aikin. Abba bai yi da kansa ba, ya ce hannunsa ba zai tsaya ba, amma yana tsaye a ɗakin har aka gama. Yau Litinin. Na tura wa Nassirou saƙo ya fi a ƙirga, na roƙe shi, na yi fushi, na zage shi da girman banza ko zai yi dariya. Ɗazu da hantsi ya turo saƙon murya guda ɗaya, a shaƙe, maganin barci bai gama sakinsa ba.

Takalmansa suna nan a bakin ƙofar falo inda ya cire su, manya kamar kwale-kwale, ɗaya da ɗigon jini a igiyarsa. Umma ta zo za ta ɗauke, Abba ya ce a bar su. Da zai fita da safe na gan shi ya sunkuya ya daidaita su, ya jera su gefe ɗaya.

Abin da muryar ta ce shi ne in ajiye masa takalmansa, zai zo ya ɗauka da kansa ranar da kulob ya ɗauke shi, kuma in jira shi.

Na ce masa to. Amma ni 'yar likitan ƙashi ce, kuma jiya da Abba ya bar wayarsa a kan tebur, na ga hoton ƙashin hannun da aka ɗauka a asibiti.